An Kashe Yakubu, An Kuɓutar Da Bitrus

Karatu: Ayyukan Manzanni 12:1-17, Luka 13:1-5
Ayar haddacewa: Romawa 8:38-39

Karatunmu na yau ya fi na kullum tsawo, don haka ka nemi wuri ka zauna, Littafinka a buɗe kusa da kai.

Wata Lahadi, lokacin ba da shaida, wani ɗan'uwa ya fito gaban ikkilisiya da matarsa da 'ya'yansa. Makonni ya yi a hannun masu garkuwa da mutane, tun ranar da aka tare motarsu a hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. Ya rame, idon sawunsa duk tabon sarƙa, amma ga shi tsaye da ransa. Aka saki ganga, mata suka rangaɗa guɗa, muka yi rawa har muka jiƙe da gumi. Ni ma na yi, kuma daidai ne mu yi, gama Allah ya yi abin yabo.

Da na juya zan koma mazaunina, sai idona ya faɗa kan wata 'yar'uwa a bencin baya, ta rufe fuska da bakin zanenta. Ita ma a wannan hanyar aka ɗauke mijinta. Azumin da muka yi wa wancan, shi muka yi wa nata. A kwanan addu'a tare muka riƙa ambaton sunayensu. An sayar da masarar gidan, an sayar da babur, dangi da ikkilisiya suka yi karo-karo aka kai kuɗin fansa. Bai dawo ba. Ko gawarsa ba a ba ta ba.

Bayan an tashi daga sujada ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba Fasto, ashe ba addu'a ɗaya aka yi musu ba? To ni me na yi wa Allah?"

Wataƙila kai ma wannan tambayar tana cin zuciyarka, kana tsoron furta ta don kada a ce ka ja da baya. Kada ka ji tsoro. Zo mu kai ta gaban Maganar Allah.

Wahalar da muka sani

Mu mutanen wannan yanki ba a takarda muka koyi wahala ba. Ranar Asabar, 5 ga Mayu 2018, da rana, 'yan bindiga suka fito daga daji ta wajen Zamfara suka auka wa Gwaska. Suka yi ta harbi, suka sa wa gidaje wuta. Gawawwakin da aka fara ƙirgawa sun kai 45, daga baya adadin ya ƙaru. A cikinsu akwai 'yan sa-kai da suka tsaya don su kāre garin, akwai yara ƙanana da ƙafarsu ba ta kai su ga tsira ba. Waɗanda suka tsira, yawanci mata, suka gudu zuwa Doka. Mako guda kafin nan an kashe masu haƙar ma'adinai 14 a Janruwa.

Shekarun da suka biyo baya kowa ya san su. Manomi ba ya shiga gonarsa sai ya biya mutanen daji, ba ya girbi sai ya sāke biya. Motoci suna jiran rakiyar sojoji kafin su kama hanyar Kaduna. Ƙauyuka da yawa suka zama kufai, ƙasar da take cika kasuwanni da masara ta koma 'ya'yanta suna awo da mudu a garin wasu. Wannan wutar ba ta tambayi addinin kowa ba. Ta ci Musulmi, ta ci Kirista. Ta ci Hausawa da Gbagyi da Kamuku, ta ci Fulanin da aka kore wa garke tun kafin ta iso gare mu.

Su ne suka fi zunubi?

Wata rana aka kawo wa Yesu labari irin na Gwaska. Gwamna Bilatus ya karkashe waɗansu Galilawa suna tsakiyar miƙa hadayarsu. Masu kawo labarin suna da bayaninsu a zuci: lalle akwai abin da waɗannan suka aikata. Yesu ya tambaye su ko suna zaton waɗanda aka kashe sun fi sauran mutanen Galili zunubi. Bai jira amsarsu ba, ya ce a'a. Sai shi da kansa ya ƙara wani labari, na hasumiyar da ta faɗi a Siluwam ta kashe mutum 18. A na farko hannun mugu ne ya yi kisan, a na biyu gini ne ya rushe. Duka biyun amsarsa ɗaya ce: waɗanda suka mutu ba su fi waɗanda suka rage laifi ba. Daga nan ya juya maganar kan masu rai, ya ce su tuba tun suna da sauran lokaci.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka kiyaye bakinka a gidan makoki. A cikinmu da muka gaskata da ikon Ruhu Mai Tsarki, wata koyarwa ta shigo kamar tsakuwa cikin shinkafa. Wai duk wanda masifa ta sāme shi, ko dai bangaskiyarsa ce ta yi rauni, ko bai ba da zakka ba, ko akwai la'anar kakanni a gidansu da ba a karya ba. Wani ya je gaisuwa wurin 'yar'uwar nan, ya ce mata ta binciki kanta da kyau. Ya ɗauka ta'aziyya ya kai mata, alhali fami ya yi mata.

Gaskiya ne akwai wahalar da mutum yake girba daga abin da ya shuka, Galatiyawa 6:7 ta koya mana haka. Amma ba a ba ka mudun da za ka auna zunubin mutum da girman masifarsa ba. Almajirai sun gwada haka a kan mutumin da aka haifa makaho, suna tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa. A Yahaya sura 9 Ubangiji ya rufe musu wannan ƙofar, ya ce ba na kowa ba ne a cikinsu.

Ayuba ma da ɓarayin shanu aka fara masa

Mukan tuna Ayuba da gyambunan jikinsa, mu manta yadda abin ya soma. Koma sura ta fari. Shanunsa na huɗa suna gona, jakuna suna kiwo a gefe, sai mahara daga Sheba suka auka musu, suka kore dabbobin, suka kashe barorin da takobi. A ranar kuma Kaldiyawa suka kasu ƙungiya uku suka kore raƙumansa 3,000. Kafin rana ta faɗi 'ya'yansa goma sun mutu a gida ɗaya. Wanda ya zauna a ƙasar Birnin Gwari ba ya bukatar a bayyana masa wannan sura.

Wannan kuwa mutum ne da Allah da kansa ya shaida babu kamarsa a duniya wajen tsoron Allah. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo gaisuwa. Kwana bakwai suka zauna tare da shi a ƙasa, ba wanda ya ce uffan, kuma abin kirkin da suka yi ke nan. Da suka buɗe baki sai suka zama alƙalai, suna ta neman laifin da zai bayyana masifar. A sura 42 Allah ya husata da su, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Ayuba kuwa, wanda ya yi kuka, ya yi gardama, har ya la'anci ranar da aka haife shi, shi aka sa ya yi musu addu'a.

Lura da wani abu kuma. Allah ya yi wa Ayuba magana daga cikin guguwa, daga sura 38 har zuwa 41, amma ko sau ɗaya bai gaya masa abin da ya gudana tsakaninsa da Shaiɗan ba. Ayuba ya nemi dalili, aka ba shi ganin Allah, kuma wannan ya riƙe shi.

Sarki ɗaya, ikkilisiya ɗaya

Yanzu zo ga karatunmu na yau. Sarki Hirudus ya sa hannu a kan ikkilisiyar Urushalima. Ya kama Yakubu ɗan'uwan Yahaya, ya sa aka kashe shi da takobi. Aya guda kacal aka ba wannan labari. Da ya ga abin ya yi wa mutane daɗi, sai ya kama Bitrus, ya sa sojoji 16 su yi gadinsa, aka ɗaure shi da sarƙa biyu tsakanin soja biyu. Ikkilisiya ta duƙufa da addu'a. A daren ƙarshe mala'ika ya zo, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, Bitrus ya fita. Halleluya! Allahn da ya yi wannan bai tsufa ba.

Amma kada ka yi tsalle ka wuce aya ta biyu. Wane ne Yakubu? Yana cikin ukun nan da Yesu ya fi jawowa kusa da shi. Yana ɗakin da aka tā da 'yar Yayirus, yana kan dutsen da kamannin Yesu suka sāke, yana Getsamani. Duk inda aka kai Bitrus an kai shi. Wa zai ce bangaskiyarsa ba ta kai ta Bitrus ba, Bitrus ɗin da ya yi musun Ubangijinsa sau uku? Wa zai ce ikkilisiyar da ta kwana tana roƙo saboda Bitrus ta naɗe hannu ranar da aka kama Yakubu?

Duba kuma masu addu'ar. Bitrus ya zo gidan Maryamu uwar Yahaya Markus yana ƙwanƙwasa ƙofa. Baranya mai suna Roda ta gane muryarsa, ta ruga ciki ta faɗa. Me suka ce mata? Suka ce ta haukace. Da ta nace, suka ce mala'ikansa ne. Mutanen da suke roƙon a sake shi ba su yarda an sake shi ba, ga shi kuwa a bakin ƙofa. In da ƙarfin bangaskiyarsu ne zai buɗe kurkukun, da Bitrus ya kwana a ciki. Alheri ne ya fitar da shi. Kuma wannan alherin bai rabu da Yakubu ba sa'ad da takobi ya sauka.

Ibraniyawa sura 11 ta jera jarumawan bangaskiya. A aya 34 akwai waɗanda suka tsere wa takobi ta wurin bangaskiya. A aya 37 akwai waɗanda takobi ya kashe. Aya 39 ta haɗa su duka a shaida ɗaya. Shadrak da Meshak da Abednego ma, a bakin tanderun wuta, sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, kuma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. Wannan ita ce bangaskiya mai ƙafa biyu. Wadda take tsaye da ƙafa ɗaya, ta "dole ya cece ni", ranar da iska ta kaɗa za ta faɗi.

Mun ga wannan da idonmu a jiharmu. Ranar 5 ga Yuli 2021 aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun. Iyaye suka taru a harabar makarantar suna kuka ga Allah tare. Waɗansu yaran sun dawo cikin makonni, waɗansu sai bayan watanni. A Kuriga, yara 137 da aka sace ranar 7 ga Maris 2024 sun dawo bayan kwana 17, amma malamin da aka tafi da shi tare da su ya mutu a daji. Kullum haka muke gani: ga Bitrus, ga Yakubu.

To, me ya sa bai hana ba?

Da farko, kada mu ɗora wa Allah abin da mutum ya yi. Yatsan mutum ne ya ja kunamar bindiga a Gwaska. Mutum ne ya sayar da bindigar, mutum ne ya zauna cikin gari yana kai wa mutanen daji labarin wanda ya sayar da hatsi, mutum ne ya ci amanar da aka ba shi ta kāre talakawa. Allah ya halicci ɗan Adam da ikon zaɓi, ba kamar jakin da ake ja da igiya ba, domin ƙaunar da aka yi bisa tilas ba ƙauna ba ce. Wannan ikon zaɓin ne Kayinu ya ɗauka ya kashe Habila, kuma tun ranar jinin marar laifi yake kuka daga ƙasa, Allah yana ji. Yakubu 1:13 ta tabbatar mana mugunta ba daga wurinsa take fitowa ba.

Za ka ce, to me ya hana shi kawar da mugaye yau? Yesu ya amsa da misalin gona a Matiyu 13. Maƙiyi ya shiga da dare ya watsa muguwar ciyawa cikin alkama. Barori suka so su tuge ta nan take, maigidan ya hana, don kada su tuge har da alkamar. Ya ce a bari sai kaka. Kai manomi ne, ka san yadda saiwa take sarƙewa da saiwa a ƙarƙashin ƙasa. In da Allah zai share duk mai zunubi kafin faɗuwar ranar yau, ka tabbata ni da kai za mu kwana? Jinkirin da yake ba ka haushi a kan wani, shi ne ya ba ka lokacin tuba. Haka 2 Bitrus 3:9 ta koyar.

Ka tuna da saurayin da ya tsare rigunan masu jajjefe Istifanas, yana goyon bayan kisan. Daga nan ya riƙa bin gida gida yana jan maza da mata zuwa kurkuku. Tabbas akwai gwauraye a Urushalima da suka roƙi Allah ya kawar da shi. Da an amsa musu yadda suka so, da babu Bulus, da babu ayar da kake haddacewa yau. A ƙarshen watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka yi sulhu da waɗansu mutanen daji, aka sāke buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Da yawa cikinmu abin ya yi mana ɗaci, don muna ganin fuskokin da muka sani suna yawo a kasuwa. Allah ya san zuciyar kowa, ya san mai tuban gaskiya da mai tuban muzuru. Shari'a aikin hukuma ce, kuma daidai ne mu nemi a yi ta. Ramuwa kuwa tasa ce, in ji Romawa 12:19. Hirudus da ya kashe Yakubu, a sura 12 ɗin nan tsutsotsi suka cinye shi, Maganar Allah kuwa ta ci gaba da yaɗuwa. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Duk da haka, dalilin da ya sa aka bar wannan aka ɗauki wancan, Allah bai bayyana wa Ayuba ba, bai bayyana wa ikkilisiyar Urushalima ba. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce akwai abubuwan da ya ajiye a wurinsa, akwai waɗanda ya bayyana mana. Duk wanda ya zo maka da cewa an nuna masa dalilin mutuwar mijinki ko ɗanka, musamman in akwai kuɗi a ƙarshen maganar, ka auna ruhun da yake magana a cikinsa.

Ina Allah yake a ranar?

Ga abin da aka bayyana mana, kuma shi ne ƙashin bayan begenmu. Allahnmu bai zauna a sama yana kallon wahala daga nesa ba. Ya shigo cikinta da jiki. Yesu ya san gudun hijira, gama yana jariri aka gudu da shi Masar da dare, sojoji suna karkashe yaran Baitalami. Ya san cin amana, gama na cikin gida ne ya sayar da shi a kan azurfa 30 ya nuna wa mahara inda yake. Da dare aka zo masa da takuba da kulake, aka ɗaure shi, aka doke shi, aka tofa masa yau. A Getsamani sau uku ya roƙi Uba ya kawar masa da ƙoƙon wahala, ba a kawar ba. Wa zai ce Ɗan Allah ba shi da bangaskiya? A kan gicciye shi ma ya yi tambayar da 'yar'uwarmu ta yi, ya tambayi Allah dalilin da ya sa ya yashe shi.

Kalmar fansa ta zama abin tsoro a bakinmu. Da ka ji ta sai gabanka ya faɗi, ka tuna kiran waya da tsakar dare, da buhunan da aka sayar, da gonar da aka jinginar. Amma tun kafin 'yan bindiga su ɓata ta, kalmar bishara ce. A Markus 10:45 Yesu ya ce ransa ya zo ya bayar fansa saboda mutane da yawa. Mu ne muke ɗaure a sansanin zunubi da mutuwa, babu dangin da za su iya haɗa kuɗinmu. Shi ya shiga dajin da ƙafarsa, ya zauna a madadinmu, muka fito. Ranar Juma'ar nan ta zama kamar mugunta ta ci nasara, almajirai suka kulle kansu a ɗaki. Ba su san cewa da mafi munin abin da 'yan Adam suka taɓa aikatawa Allah yake ƙulla ceton duniya ba. Wanda ya iya juya gicciye haka, wahalarka ba za ta gagare shi ba. Wannan ce ma'anar Romawa 8:28. Ayar ba ta ce kowane abu mai kyau ne ba. Kisan Gwaska mugunta ne, har abada sunansa ke nan. Abin da ta ce shi ne, Allah yana aiki a cikin kome domin alherin masu ƙaunarsa.

Kuma bai bar ka kai kaɗai ba. Akwai daren da za ka durƙusa ka rasa kalma ko ɗaya, waƙa ta ƙi fita, har addu'a cikin harsuna ta tsaya maka a maƙogwaro. Kada ka ce Ruhu ya rabu da kai. Romawa 8:26 ta ce a irin wannan rauni ne Ruhu da kansa yake roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Nishin nan naka addu'a ne, kuma yana isa kursiyin Allah.

Ba a nan labarin ya ƙare ba

Bitrus da aka fitar daga kurkuku, daga baya shi ma ya mutu saboda sunan Yesu, kamar yadda Ubangiji ya faɗa masa tun a Yahaya 21. Li'azaru da aka tā da shi daga kabari ya sāke mutuwa. Kowace kuɓuta ta wannan duniya ƙarin kwana ce, abin godiya, amma mai ƙarewa. Kuɓutar da ba ta ƙarewa ita ce tashin matattu, kuma a nan Yakubu bai yi asarar kome ba. Ya riga Bitrus isa gida ne kawai.

'Yar'uwa, ke da ba a ba ki gawa kin binne ba, Ubangiji ya san gindin itacen da mijinki yake kwance. Wahayi 20:13 ta ce har teku za ta mayar da matattun da suke cikinta. Dajin Kamuku da na Kuyambana ma za su mayar da waɗanda suka haɗiye. Ki kuma tuna wanda aka ba wannan wahayin. Yahaya ne, ɗan'uwan Yakubu, wanda suka tashi a jirgin kamun kifi ɗaya na mahaifinsu Zabadi. Ya ga an sake Bitrus, nasa ɗan'uwan kuwa an binne shi. Ya ɗauki wannan a zuciyarsa har tsufa, bai bar bin Yesu ba. Shi aka nuna wa ranar da Allah zai share hawaye da hannunsa, mutuwa kuma ta ƙare.

Abin da za ka yi

In kai ne kake cikin wahalar, ka yi kukanka a gaban Allah, ba zunubi ba ne. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, ko da yake ya san zai tashe shi. Karanta Zabura 13 da 88 da Habakuk sura ta fari, ka ga yadda bayin Allah suke kai ƙara gabansa ba tare da ɓoye kome ba. Kada ka ƙaurace wa sujada, ko da a bencin baya za ka zauna ba ka iya waƙa.

In kai ne Bitrus, wanda aka buɗe wa ƙofa, ka ba da shaidarka da murna, amma ka ba da ita da tawali'u. Kada ka ce don ka fi wasu azumi ko bayarwa ne. Ka tuna akwai mai jin ka wanda nasa bai dawo ba. Bayan sujada ka neme shi ka gaishe shi.

In kuwa kai maƙwabci ne, ka yi koyi da kwana bakwai na farko na abokan Ayuba. Je ka zauna. Kai mudun masara, kai itacen girki, biya wa maraya kuɗin makaranta, taya gwauruwa noma. Kada ka tambayi majami'ar da take zuwa, ko ma masallaci gidan suke zuwa. Ka tsare zuciyarka daga ƙin wata kabila gaba ɗaya saboda laifin waɗansu. Kuma kada ka daina roƙon mu'ujiza domin waɗanda suke daji har yanzu. Ƙofofin ƙarfe suna buɗewa har yau. Mu dai mu roƙa da dukan zuciya, mu bar masa zaɓin amsa.

Ranar nan a bakin ƙofa ban ba 'yar'uwar dalili ba. Na ce mata, "'Yata, ba abin da kika yi. Zauna mu karanta." Muka karanta Ayyukan Manzanni 12, na sa ta maimaita aya ta biyu. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe akwai irina a ciki." Har yau wasu Lahadin takan yi kuka lokacin shaida. Amma duk gidan da aka ɗauke wani a unguwarsu, ita ce take fara isa da kwanon kunu, ta shimfiɗa tabarma ta zauna da matar gidan har dare. Ba ta yawan magana, kuma matan sun fi sauraronta a kan ni.

Mu yi addu'a

Ya Uba, ka san tambayar da take zuciyata, ba na ɓoye maka ita. Ka riƙe ni a inda ban gane ba.

Ka gafarta mini inda na shar'anta masu shan wahala da bakina ko a zuciyata.

Ka ta'azantar da gwauraye da marayun Gwaska da Janruwa da dukan ƙasar Birnin Gwari, ka biya bukatunsu, ka yi amfani da hannuna.

Cikin sunan Yesu, bari sarƙoƙin waɗanda suke tsare a daji su zube, ka komo da su gida da rai.

Ka kama zukatan masu ɗauke da bindiga kamar yadda ka kama Shawulu a hanyar Dimashƙu. Ka ba shugabanninmu gaskiya da tsoronka.

Ruhu Mai Tsarki, ka yi roƙo a cikina ranar da na rasa kalma. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Furcin yau: Ni na Yesu ne ranar da ƙofa ta buɗe, ni nasa ne ranar da ba ta buɗe ba. Ya biya fansata da jininsa, kuma zai tashe ni a rana ta ƙarshe.